An caje mu kuɗin kaya a Jidda alhali ba mu cika kilonmu ba: ina kuskuren yake?

"Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto maka ne daga Unguwar Dosa, Kaduna. Muna shirin Umara in sha Allah, ni da maigida da surukata da yaranmu uku: mai shekara 11, mai shekara 6, sai na goye ɗan wata 14. A tikitinmu an rubuta 2PC. Wancan zuwan da muka yi ni da maigida, ranar dawowa a Jidda aka ce akwatina ɗaya ya kai kilo 28, aka sa muka biya kuɗi masu yawa, alhali sauran jakunkunanmu uku babu wadda ta kai kilo 20. Na yi ta roƙon ma'aikacin ya haɗa lissafin, ya ƙi. Shin zaluntarmu aka yi? Kuma yaya za mu yi wannan karon, ga yara, ga saƙonnin 'yan'uwa sun fara shigowa tun yanzu?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ibada, ya dawo da ku gida lafiya.

In na fahimce ki, abu biyu kike son sani. Na farko, me ya sa aka karɓi kuɗinku alhali in an tara nauyin jakunkuna huɗun bai kai kilo 92 da tikitinku ya ba ku ba. Na biyu, yadda mutum shida za su je su dawo ba a sake tsayar da su a gaban sikeli ba. Na yi aiki a teburin awon kaya kafin in koma sayar da tikiti a nan Kaduna, kuma irin ɓacin ran da kika ji na sha ganinsa a fuskar fasinja. Amsar tambayarki ta farko ba mai daɗi ba ce, amma ita za ta tsare miki kuɗinki: ba a zalunce ku ba. Ƙa'idar tikitinku ke nan. Abin da ya faru shi ne wanda ya sayar muku bai zaunar da ku ya yi muku bayani ba, kuma a ganina wannan haƙƙinku ne a kansa.

Tsari biyu ake awo da su

Kamfanonin jirgi suna bin ɗaya daga cikin tsari biyu, kuma tikiti ne yake faɗa miki wanda kike kai. In kin ga lamba da harafin K, kamar 20K ko 30K, to tsarin jimillar nauyi ne. An ba ki kilo 30, ki zuba su a jaka ɗaya ko ki raba su biyu ko uku, ruwanki. A wannan tsarin, iyalin da suka yanki tikiti tare kuma suka zo tebur tare, galibi ana haɗa musu kilonsu a yi lissafi ɗaya. Wanda ya saba da jiragen cikin gida wannan ya sani, shi ya sa yake ɗauka ko'ina haka ne.

In kuwa kin ga 1PC ko 2PC, to tsarin ƙidayar jaka ne. 2PC na nufin jaka biyu ga kowane fasinja, kuma a kujerun ikonomi kowace jaka iyakarta kilo 23. Kowace jaka da nata hukuncin, ba ta cin arzikin 'yar'uwarta. Mai kilo 28 ta yi laifin kilo 5, ko da wadda ke kusa da ita kilo 12 ce. Ma'aikacin da kika roƙa ba ƙeta ya yi miki ba. Sikelin a haɗe yake da kwamfuta, nauyin kowace jaka yana shiga da lambarta, kuma in ya bar ta ta wuce haka shi za a tambaya. Abin da ya kamata ya ce miki, in da ya kyauta, shi ne ki koma gefe ki kwashe kilo 5 ki zuba a sauran jakunkunan ki dawo. Da minti goma sun raba ku da wannan asarar. Wannan damar kina da ita a kowane filin jirgi, matuƙar kin zo da sauran lokaci.

Bayan kilo 23 akwai wata iyaka da kuɗi ba ya ɗagawa: kilo 32. Jakar da ta faɗa tsakanin 23 da 32 ana karɓarta a biya tara. Wadda ta haura 32, mafi yawan kamfanoni ba sa karɓarta sam, sai an buɗe an rage. Sannan akwai girma: in an haɗa tsawo da faɗi da kauri, kada su wuce santimita 158. Manyan akwatunan nan da ake saye don lefe wasunsu sun wuce haka, kuma girma ma yana da tararsa daban.

Mutane kan ce duk dabarar neman kuɗi ce. Ba zan ce babu neman kuɗi a ciki ba, kuɗin kaya babbar hanyar samun kamfanoni ce a yau. Amma iyakar tana da tushe. Kafin jirgi ya tashi ana rubuta wa matuƙi takardar lodi: nauyin fasinjoji, nauyin kaya, nauyin mai, da yadda aka rarraba su gaba da baya. Da wannan lissafin ake sanin man da za a sha da gudun da jirgi ke buƙata kafin ya ɗaga. Iska mai zafi ba ta ɗaukar jirgi kamar mai sanyi, haka ma iskar wuri mai tudu, shi ya sa ranar bazara a Kano, ko tashi daga Addis Ababa da filinta ya haura mita 2,300 a sama da teku, nauyin da jirgi zai iya ɗauka yakan ragu. Ita kuwa iyakar kilo 32, don bayan 'yan'adam aka sa ta. Mutane ne suke durƙusawa a cikin jirgi suna jera jakunkunan nan da hannu, ɗaruruwa a jirgi ɗaya.

Lissafin gidanku

Yaro daga shekara 2 zuwa sama yana da kujerarsa, kuma kasonsa na kaya daidai yake da na babba ko da an yi masa ragin kuɗin tikiti. Ke nan ku biyar ne masu cikakken kaso: ke, Alhaji maigidanki, surukarki Hajiya Babba, da yara biyu. Jaka goma ke nan, kilo 230 in kowace ta cika. Na goye da bai kai shekara 2 ba, wanda za ki riƙe a cinya, nasa daban ne: kamfanoni da yawa suna ba shi kilo 10, wasu jaka ɗaya, kuma kusan duka suna ɗaukar keken jariri kyauta. In Hajiya Babba tana da keken da ake tura ta, shi ma ba ya shiga lissafi, sai dai a sanar da kamfani tun kafin ranar tafiya. Ban ga tikitinku ba, don haka ki buɗe shi ki duba layin kowane mutum da kowace tafiya, zuwa da dawowa. Yakan faru a ga 2PC a layin zuwa, 1PC a layin dawowa, musamman in ejan ya haɗa farashi iri biyu don ya sauƙaƙa kuɗin. Abin da ke rubuce a tikiti shi ne hujjarki a tebur, ba abin da aka faɗa miki a waya ba.

Kin ga ke nan matsalarku ba ƙarancin kilo ba ce. Iyali irin naku da wuya su cika kilo 230. Abin da yake kayar da iyalai shi ne rabon kaya. Uwa takan ɗauko babban akwati ɗaya ta zuba kayan yara duka da nata, saboda ya fi sauƙin kulawa, sai ya kai kilo 30, alhali kason yaran na jaka huɗu yana nan ba a taɓa ba. Shawarata ita ce matsakaitan jakunkuna da yawa, ba manya kaɗan ba. Matsakaicin akwati ko kin cika shi da tufafi da wuya ya wuce kilo 20, shi da kansa yake tsare ki. Kuma ki cuɗa kayan: kowace jaka a samu kayan kowa kaɗan a ciki, ta yadda in ɗaya ta makale a hanya ba za a bar yaro ɗaya ba ko rigar canji.

Sai dai kada jin jaka goma ya sa ki ɗaure goma. Ki tuna hannuwan da za su ɗauka. Ke kina da goyo, Hajiya Babba ba za ta ja kaya ba, yaran sai an riƙe su. Alhaji ne kaɗai da mai shekara 11. Ga motar da za ta kai ku Kano, ko hawa da sauka a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa da ta Idu in ta Abuja za ku tashi. Da ni ne, zan tafi da jaka biyar ko shida marasa cika, da jakunkuna masu laushi guda uku a naɗe a cikinsu, waɗanda ba za a buɗe ba sai ranar haɗa tsaraba.

Inda tikiti biyu suke haɗuwa

Wannan tarkon ya fi kama mu mutanen Kaduna, domin mafi yawan tafiyarmu ta ƙasar waje ba daga filin jirginmu take farawa ba. In mutum ya yanki tikitin Kaduna zuwa Legas daban, ya yanki na ƙasar waje daban, to yarjejeniya biyu ya ƙulla. Jirgin cikin gida bai san da 2PC ɗinki ba. Nasa kason galibi kilo 20 ne ko kusa da haka, wani farashin mai rahusa ma bai kai nan ba, kuma duk kilon da ya hau za a biya shi ɗaya bayan ɗaya. Mai kilo 46 zai biya kuɗin fiye da rabin kayansa tun bai bar Najeriya ba, ya sake biya ranar dawowa. In kuwa tafiyar duka a tikiti ɗaya take, ko da kamfanoni biyu ne, kaso ɗaya ake bi, galibi na kamfanin da ya ɗauki babban ɓangaren tafiyar, bisa ƙa'idar da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta fara aiki da ita a 2011. Saboda haka ga iyali mai kaya, mota zuwa filin Malam Aminu Kano ko jirgin ƙasa zuwa Abuja yakan fi arha nesa ba kusa ba.

A can ma haka ne. Jirgin ƙasan Haramain da ke haɗa Makka da Jidda da Madina tun 2018 yana da daɗi da sauri, amma babbar jaka ɗaya yake ba kowane fasinja, kada ta wuce kilo 25, sai ta hannu. Ƙananan farashin jiragen cikin Saudiyya kuwa wasunsu jakar hannu kawai suke ɗauka. In kayanku sun yi yawa tsakanin Makka da Madina, mota ita ce daidai da ku.

Awo a gida

Ki sayi ƙaramin sikelin rataya, irin mai ƙugiya da batir. Ana samunsa a Kasuwar Sheikh Gumi wajen masu akwatuna da kayan lantarki, kuɗinsa bai kai ko kusa da tarar jaka ɗaya ba. Abu mafi muhimmanci, ki tafi da shi. Na lura kusan kowa yana auna kayansa a Kaduna, amma ba a Kaduna ake cin tarar ba, a ɗakin otal na Makka ake ɗaure kayan da za su jawo ta. In ba ki samu ba, sikelin da ake hawa a gida ya isa: Alhaji ya hau shi kaɗai, ya sake hawa rungume da jakar, a cire na farko daga na biyu. Mai sayar da gas na unguwa ma zai ɗora miki a nasa.

Kada ki nufi kilo 23 cif. Ki tsaya a 22, ko ƙasa kaɗan. Sikeli da sikeli sukan saɓa, ledar da ake naɗe jaka da ita tana da nata nauyin, kuma ko yaushe akwai abin da za a cusa a ƙofar gida. Wani ma'aikacin yakan kau da kai ga rabin kilo, amma alfarma ce, ba a gina shiri a kanta.

Ki auna akwatin tun yana wofi. Manyan akwatuna masu tauri sukan ci kilo 4 zuwa 5 kafin a sa ko ɗankwali. Wannan ne ya sa mutanenmu suke son Ghana-must-go, wadda ba ta da nauyin komai. Sai dai ba kowane kamfani ke karɓarta ba yanzu, domin tana yagewa ta maƙale a bel ɗin da ke jan kaya. Ethiopian Airlines ta sanar da hana ta daga Nuwamban 2023, sai in an sa ta cikin kwali ko wani mazubi mai tauri. Jakar yadi mai ƙarfi da zif mai kyau ita ce tsaka-tsaki: ba nauyi, ba a kuma mayar da ita.

A wajen zuwa, abinci ne yake cin kilo. Garin kunu, kuka, daddawa, yaji, garin rogo, duk na san amfaninsu, musamman ga tsohuwa da yaran da ba su saba da abincin can ba. A ɗauki na kwanakin da za a yi, kada a ɗauki na wata uku. Mudu ɗaya na gari ya haura kilo, mudu biyar sun cinye kwatan jaka. Manja da man shanu kamfanoni da yawa ba sa karɓa saboda tsiyaya. Goro kuwa a bar shi a gida, hukumar alhazai ta sha gargaɗi a kan shiga da shi Saudiyya. Kunzugun yara na zamani da sabulu da madara duk akwai su a shagunan Makka da Madina, ki ɗauki na kwana biyu ko uku kawai.

Jakar hannu galibi kilo 7 ce, wasu kamfanonin 8, kuma ana auna ta, wani lokacin ma a bakin ƙofar shiga jirgi, inda ba ki da wurin rage komai. Ku biyar kuna da kusan kilo 35 a nan, kada a raina shi. A ciki za a sa magungunan Hajiya Babba da takardar likita, kayan canjin yara, da abincin na goye, wanda ake bari ya wuce ko da ya haura mililita 100 da aka iyakance wa sauran abubuwa masu ruwa. Fawa bank da batiran ajiya dole a jakar hannu suke, ba a yarda su shiga cikin kayan da ake aunawa ba saboda haɗarin gobara. Almakashin rage gashi bayan Umara da abin yanke farce kuma su koma babban akwati.

Ranar dawowa

Tsaraba ita ce asalin maganar. Dabino, jallabiyoyi, abayoyi, darduma, turare, carbi, kwalaben man habbatus sauda. Kowanne shi kaɗai ba ya da nauyi a hannu, kuma ana sayensu ne kaɗan-kaɗan bayan kowace salla, ba wanda yake lissafi. Ki rubuta sunayen waɗanda za a yi wa tsaraba tun kina gida, ki ware jakunkunan da za su ɗauke ta, kuma duk dare ki rataya su a sikeli. Dabino da kwalabe su ne masu nauyi, a rarraba su cikin jakunkuna duka, a cike da tufafi. Na tabbata akwatinki na kilo 28 dabino ne ya taru a cikinsa wuri ɗaya.

Zamzam kada ki sa shi cikin akwati ko kwalba ɗaya. Hukumar jiragen sama ta Saudiyya ta hana, na'ura tana ganinsa, kuma jakar da aka gani da shi za a buɗe ta ko a bar ta a baya. Akwai na lita 5 da aka rufe musamman don jirgi, ana sayar da shi a filin jirgin Jidda da na Madina, kuma kamfanoni da yawa suna ɗaukar guda ɗaya kyauta ga mai Umara ban da kasonsa. Ki sa ejan ɗinku ya tabbatar muku da wannan a rubuce. Kada kuma Hajiya Babba ta auna da abin da ta sani a aikin Hajji, inda alhazai suka daɗe da sabawa da kilo 32 da jakar hannu ta kilo 8, a kuma raba musu zamzam bayan sun sauka. Wancan tsarin jigilar alhazai ne, bai shafi tikitin Umara ba.

In kin ga lallai kaya za su fi kaso, kada ki jira tebur. Sayen ƙarin jaka ta shafin kamfani ko ta hannun ejan kafin ranar tafiya yakan fi arha a kan biya a filin jirgi. Ban kawo miki farashi ba da gangan, domin kowane kamfani da nasa, kuma yana bin dala. Amma ki riƙe wannan: a tsarin ƙidayar jaka, tarar nauyi galibi dunƙule ce, mai kilo 24 da mai kilo 31 kuɗi ɗaya za su biya. Don haka in biya ya zama dole, kada a biya wa jaka uku da kowace ta hau da kilo 2. A tattara rarar duka a jaka ɗaya, ta kusa 32, a biya sau ɗaya. In kuwa kayan sun kai na kasuwanci, masu kargo suna nan birjik a Makka da Jidda, suna kawowa Kano. Yakan ɗauki makonni, don haka abin da ba ya lalacewa ake ba su, a kuma karɓi rasit.

Maganar saƙo

Na san nauyin da ke cikin ce wa 'yar'uwa a'a. Amma ki sa wa saƙo iyaka tun yau: jaka ɗaya aka ware, in ta cika an rufe, kuma a daina karɓa kwana uku kafin tafiya. Duk saƙon da aka kawo a buɗe shi a gaban mai shi, ko na wane ne. Ƙullin da ba a yarda ki gani ba, ba ya shiga kayanki. Magani kuwa, in ba da takardar likita da sunan wanda ke cikin tafiyar ba, kada ki karɓa. Saudiyya ba ta wasa da wannan, hukuncin safarar ƙwaya a can yakan kai ga kisa.

A filin jirgi kuma za ki iya haɗuwa da wanda zai ce ya ga kuna da sauran kaso, ki taimaka a rubuta jakarsa da sunanki. Kada ki yarda ko da kuka yake yi. Iyali masu rarar kaso su ake nema. Mutanen Arewa ba su manta da ɗalibar nan da ta tafi Umara da mahaifiyarta da 'yar'uwarta a Disamban 2018 ba, aka kama ta a Madina saboda wata jakar ƙwaya da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Kano ba da saninta ba. Sai da binciken hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ya gano ma'aikatan da suka yi aikin, aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019, bayan wata huɗu a tsare. Saboda haka in an gama awo, Alhaji ya tsaya ya ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da aka liƙa muku. Jaka shida kuka bayar, shaida shida za ku karɓa, kuma ya tambayi ma'aikacin jaka nawa kwamfuta ta nuna a sunan kowannenku. Ku ɗauki hoton jakunkunan da na takardun a waya, ku adana su har ku fito da kayanku a ɗaya ɓangaren.

Ku isa filin jirgi awa huɗu kafin tashi, musamman a Jidda inda layin masu Umara yake da tsawo. Ki bar jaka mai laushi guda ɗaya wofi a saman kaya, inda hannu zai kai gare ta nan take, kuma kada a naɗe akwatuna da leda sai an gwada su a sikelin filin jirgin an ga kowanne ya tsaya ƙasa da 23.